Jinin da Maharbi Ba Ya Gani

Harbi Ɗaya ake ce masa, kuma ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba. Bindigar toka ce a hannunsa tun yana saurayi, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a cusa tsumma, a jefa dalma, a danna da sanda. Mai irin wannan bindiga ba shi da harbi na biyu. Kafin ka sake ɗuri, barewa ta kai inda za ta kai. To shi wannan bawan Allah ya yi shekara talatin da ɗoriya yana shiga daji, kuma kaf maharban yankin sun shaida ba a taɓa tsintar dabbar da ya raunata ya bari ta mutu a banza ba. Ko ɗaya. Wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya, don in ka cire shi, ba abin da mutumin ya mallaka sai 'yar gona da keke mai ƙara.

Wurin mahaifinsu ya gaji bindigar, da dokokinta. Tsohon ba ya harbin mai ciki, ba ya harbin mai shayarwa, kuma ba ya ɗaga bindiga sai ya matso kusa har yana ganin motsin kunnen dabba. Amma dokar da ya fi nanatawa, har yaran suka gaji da ji, ita ce ta jini. Yakan ce in ka zubar da jini, bin sa ya zama dole a kanka, ko da za ka kwana biyu a tafe. Dabbar da ka huda ka bari tana jan ciki a cikin ƙaya, ba ka ci ba, ba ka bar ta ta rayu ba, tana nan tana jiranka a gaban Allah.

Ga kuma abin da ba wanda ya sani: Harbi Ɗaya ba ya ganin jini. Idonsa garau yake, yana hango barewa a inda wani zai rantse kututture ne, amma ba ya raba ja da kore. Jini a kan ciyawa, a wurinsa, ciyawa ce mai ɗan danshi. Haka Allah ya halicce shi.

Ƙaninsa ne ya gano. Tela ne shi, Auta suke ce masa a gida, mutumin da zai ɗaga zare biyu da kowa ke gani iri ɗaya ya ce wannan ya fi wancan duhu. Farautar farko da suka fita bayan rasuwar mahaifinsu, yayan ya yi harbi, hayaƙi ya washe, sai ya tsaya yana dube-dube yana cewa da alama bai samu ba. Auta ya kalle shi, ya kalli ƙasa.

"Yaya, a kan jinin fa kake tsaye."

Daga ranar aiki ya rabu biyu. Yaya ya duba iska da 'yar tokar da ke cikin jakarsa, ya lallaɓa, ya saita bayan kafaɗa, ya ja kunama. Bindigar toka kuwa in ta tashi, hayaƙi ne ke rufe maka gaba, ba ka ganin inda dabbar ta nufa. Sai su zauna, a sake ɗuri, a ba ta lokaci ta kwanta. Daga nan Auta ya shige gaba, kansa a sunkuye. Ya ɗauki ganye ya ce, "Mai kumfa ne, huhu ka samu, ba ta yi nisa ba." Ko ya ce, "Wannan ya yi duhu, hanta ce, mu ƙara jira, ruwa za ta nema." Ko ya yi tsaki ya ce, "Yau ka ɓata mana rana, Yaya, ciki ka huda." Su bi, su bi, har su same ta. A raba nama biyu daidai. A gari kuwa suna na mutum ɗaya ne, kuma Auta bai taɓa buɗe baki ya gyara wa kowa ba. Har tufafin yayan shi ke zaɓa ya ɗinka, don kada ya fita da abin da za a yi masa dariya.

Abin da ya raba su, wallahi ko faɗinsa da kunya. Wata ranar kasuwa ce, a gaban teburin mahauci, mutane sun taru ana ta hira. Mahaucin nan baki gare shi, ba mugu ba ne, amma in bai tsokani mutum ba abinci ba ya faɗa masa. Ya nuna Auta da wuƙa ya ce, "Wai ni kam Harbi Ɗaya, me telan nan yake yi maka a daji da har yake cin rabi? Ɗinke barewar yake in ka huda ta?"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ta yi wa Harbi Ɗaya daɗi, ta hau masa kai, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Gorar ruwa yake riƙe mini."

Aka sake fashewa. Auta na tsaye a gefe, da sabuwar rigar da ya gama ɗinka wa yayan, a ninke a hannunsa. Ya ajiye rigar a kan benci, ya gyara ninkinta, ya juya ya tafi shago.

Da mutumin nan ya bi shi a ranar ya ce, "Auta, na yi kuskure," da shi ke nan. Amma ina! Babba ne shi, ta yaya zai ba ƙaninsa haƙuri? Ya ce zai huce. Sati ya wuce. Da ya aika a ce masa gobe za a fita, aka dawo masa da cewa ɗinki ya yi yawa. Bai sake aikawa ba. Ya goge bindigar da mai, ya rataye ta a bayan ƙofa, ya shiga gaya wa mutane gwiwa ce ta hana shi daji. Gwiwar da yake taka keke da ita har gona kullum! Ya san sarai in ya fita shi kaɗai, ranar da harbi bai kashe nan take ba, ya karya dokar mahaifinsu.

Shekara bakwai aka yi a haka. Ba gaba suke yi ba, a'a, abin ma ya fi gaba ciwo. Su haɗu a hanya, "Ina kwana, Yaya." "Lafiya lau. Ya ɗinki?" "Da godiya." Kowa ya wuce. Tufafinsa suka tsufa, ya koma sayen na kasuwa, yana haɗa riga da wandon da yara ke nunawa suna ƙunshe dariya, shi bai san dalili ba.

Sai ciwo ya kama Auta. Aka kai shi asibiti, aka yi kwanaki, aka dawo da shi gida da tarin magani da irin kallon da likita ke yi in ba abin da ya rage a hannunsa. Harbi Ɗaya yakan je, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tambayi matar Auta ya mai jiki, ya ce Allah ya sauwaƙe, ya juya. Ƙafarsa ba ta taɓa tsallaka ƙofar ɗakin ba. Wata safiya matar ta biyo shi har waje.

"Yaya, ba ya cin komai fa. Ko cokali biyu ba ya kaiwa. Jiya dai na ji yana cewa ya tuna romon barewar da kuke kawowa."

Ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma a hanya sai ya ga ƙofa ta buɗe masa: haƙurin da bakinsa ya kasa bayarwa, zai kai shi a cikin kwano. Ya ce wa kansa zai matsa kusa ƙwarai, kusan da ba a kuskure, ya kashe nan take, ba sai an bi jini ba.

Washegari da sassafe yana daji. Hannunsa bai manta komai ba. Ya saki toka ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta ƙasanta, ya sami sawu a bakin wani fili da ciyawa ta yi tsawo. Ya tsuguna a bayan wata bishiya har rana ta ɗan ɗaga. Sai ga bareyi, guda huɗu. Ya bar matan suka wuce. Namijin na baya, ƙosasshe, ya tsaya yana kiwo bai fi taku talatin ba, ya ba shi gefe. Harbi Ɗaya ya yi bisimilla, ya saita bayan kafaɗa, ya ja kunama.

Kash! Albarushin shekara bakwai ne a cikin gorarsa. Ya shanya shi jiya, ya ɗauka ya isa. Maimakon bindigar ta tashi nan take, sai ta yi ɗan jinkiri, kamar ƙiftawar ido, sannan ta yi ƙara. A cikin ƙiftawar idon nan barewar ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya. Hayaƙi ya rufe komai. Ya ji gudu, ya ji ciyawa na karyewa, ya kuma ji wani sauti da bai iya rantsewa ko na dalma a jikin nama ne ko a jikin itace. Da hayaƙin ya washe, fili wayam.

Ya sake ɗuri, ya jira, kamar yadda aka saba. Sannan ya je inda ta tsaya. Sawu ya nuna masa ta yi yamma, amma bayan taku kaɗan ƙasa ta yi tauri, sawun huɗun suka cakuɗe. Shi, dattijo mai furfura, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa yana shafa ciyawa da tafin hannu. Ko'ina danshi, ga raɓa, ga ruwan ganyen da aka tattaka. Ya shinshina yatsunsa, warin albarushi kawai yake ji. Ya ɗaga ganye ya kalla a rana, ganye ne. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban ɓauna. In ya same ta, tana can wani wuri tana shan azaba saboda shi, shi kuwa ko hanyar bai sani ba.

Sai ya cire hularsa. Duk ganyen da ya ji da danshi ko ɗanko, ya tsinka ya jefa ciki. Da ta cika, ya rungume ta ya kama hanyar gari, bindiga a kafaɗa, kai ba hula.

Bai tsaya a bakin ƙofa ba ranar. Ya yi sallama ya faɗa ɗakin. Keken ɗinki na gefe an lulluɓe shi da zane, zaruruwa jere a kan ƙusoshi a bango, kwalaben magani a kan kujera. Auta na kwance kusa da taga, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya kalli bindigar, ya kalli gwiwoyin wandon da suka yi taɓo, ya kalli hular. Ba sai an yi masa bayani ba.

"Kai kaɗai ka fita, Yaya?"

"Duba mini." Ya miƙa masa hular. "Don Allah, Auta, duba mini."

Matar ta tallafa shi ya jingina da matashi. Aka juye ganyen a kan bargo. Auta ya shiga ɗauka ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa a hasken taga, yadda yake yi wa zare. Ya daɗe. Harbi Ɗaya ya kasa kallo, ya juya fuskarsa bango.

"A ina ka tsinko su?"

"Daga inda ta tsaya, zuwa wajen taku hamsin, ta yamma."

Sannan Auta ya yi wata 'yar dariya mara ƙarfi.

"Yaya, tsufa ya zo. Raɓa ka kwaso mini da kashin tsuntsu. Ba ka same ta ba."

"Ka tabbata?"

"Na taɓa gaya maka abin da ba shi ba? Tana can tana kiwo tana yi maka dariya. Ajiye bindigar nan ka zauna, ka cika mini ɗaki da warin albarushi."

Ya zauna a bakin gadon, yana ta alhamdu lillahi. A rayuwarsa bai taɓa murnar kuskure ba sai ranar.

Ya zauna ke nan, bai tashi ba. Suka yi hirar da suka yi shekara bakwai ba su yi ba: ranar da gwanki ya bi su suka hau bishiya ɗaya, ranar da mahaifinsu ya mari yayan don ya harba daga nesa. Auta ya kama hannun rigarsa ya murza ya ce, "Wa ya haɗa maka wannan da wannan wandon? Wallahi ko maƙiyinka ne ya ci ya tausaya." Matar ta kawo shayi, ya sha cokali biyar daga hannun yayan, tana ƙirgawa daga bakin ƙofa tana share ido. Can da la'asar Harbi Ɗaya ya tattara duk ƙarfinsa ya ce, "Maganar nan ta gorar ruwa..."

"Ai na riƙe gorar ma," in ji Auta. "Ba ƙarya ka yi ba. Ragewa ka yi."

"Ka yafe mini."

"Tun a kan bencin. Jira nake ka zo ka karɓa."

Washegari ma tun da safe yana nan. Shi ya juya shi, shi ya goge masa fuska, shi ya riƙe hannunsa. Da rana ta karkata, Auta ya cika.

Kwana uku bayan haka, mutane na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, matar Auta ta aika a kira shi ciki. Tana tsaye a ɗakin, an kwashe shimfiɗar gadon. Ta miƙa masa wani ƙyalle a ninke.

"A ƙarƙashin matashinsa na samu. Na ga lokacin da ya tura su, kana kallon bango."

Ganye uku ne, sun bushe.

"Mene ne a jiki?"

Ta sunkuyar da kai. "Jini ne, Yaya. Mai duhu." Sannan ta ci gaba da kyar. "Bayan ka tafi ranar na ce masa, don me? Ya ce hanta ce, barewar ba za ta wuce yini ba, Allah ya yafe masa, alhakinta a wuyansa. Ya ce, in na gaya wa Yaya gaskiya, yanzun nan zai tashi, na san shi, ba zai dawo ba sai ya same ta, ko da kwana biyu ne. Ni kuma ba ni da kwana biyu."

Ya fita ta bayan gida, ba bindiga, ya nufi daji. Hanta ce, ruwa za ta nema, ya ji wannan daga bakin Auta ya fi sau ɗari. Daga inda ya tsaya ranar, ya gangara wajen rafi. Ba a buƙatar ido mai raba launi, ungulaye sun riga shi. Tana kwance a ƙarƙashin wani kurmi, saura 'yan taku ta kai ruwa, fata da ƙashi da ƙaho. Tsakaninta da inda ya cika hularsa, ko taku ɗari babu.

Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kukan da bai yi ba a wurin jana'iza. Ya ji haushin Auta, haushi na gaske, don ya sa shi ya aikata abu ɗayan da ya rantse ba zai taɓa yi ba. Ya kuma san da an gaya masa gaskiya da ya tashi ya tafi, da yana nan yana rarrafe a cikin ciyawa lokacin da ƙaninsa ke neman hannun da zai riƙe. Ya rasa wanda zai ba haƙuri, barewar ko mamacin. Ya tona rami da wuƙa da hannu, ya binne abin da ya rage.

Da ya dawo, masu gaisuwa na nan. Mahaucin nan, shi ma ya tsufa, ya matsa masa wuri a kan tabarma. Don ya ɗan sanyaya masa rai, sai ya juya ga baƙin da ke wurin ya ce, "Kun ga wannan? Shi ne Harbi Ɗaya. Shekara talatin bai taɓa barin dabba da rauni a daji ba."

"Na bari," in ji Harbi Ɗaya. "Yanzu na binne ta."

Ya dubi mutanen da ke kan tabarmar, ya ci gaba.

"Sauran kuma ba ni na same su ba. Ni harbi kawai na iya. Ban taɓa ganin jini a kan ciyawa ba tunda uwata ta haife ni. Wanda kuka zo gaisuwarsa, shi ne yake gani."

Ya buɗe ƙyallen, ya miƙa wa mahaucin. "Kai ka san jini. Me ka gani a nan?"

Mahaucin ya duba, ya kasa ɗaga kai. "Jini ne."

Harbi Ɗaya ya karɓi abinsa. Ya ɗauki ganye ɗaya ya ɗaga shi a rana, ya juya gaba, ya juya baya, yadda Auta yake yi. Ya matso da shi kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ganye kawai yake gani.